Turken da Kimba Ya Kafa a Ankara

Kimba ba wawa ba ne. Gara a faɗi wannan tun da fari, domin waɗanda suka tarar da shi da tsufa, yana zaune a bakin kogi ba ya tanka wa kowa, sun ɗauka haka Allah ya halicce shi. A Tungar Manu aka haife shi, wani ɗan ƙauye tsakanin Bagudo da kogin Kwara, gidajen da ba su cika talatin ba, kowannensu da shinkafar fadama yake rayuwa. Uwarsa Dendi take yi, ubansa Hausa, shi ya tashi da duka biyun a bakinsa. Amma abin da ya fito da sunansa tun gemu bai tsiro masa ba shi ne sanin ruwa.

A can, kogi sau biyu yake cika a shekara. Akwai farin ruwa na damina, akwai baƙin ruwa mai tahowa daga ƙasashe masu nisa lokacin sanyi, bayan sama ta daɗe da ɗaukewa. Wanda bai san tafiyar waɗannan biyun ba, ko ya rasa shinkafarsa ko ya rasa awakinsa. Saboda haka kowace tunga tana da mai kafa turke. Icce ake sarowa, a yi masa tsaga uku, a kafa shi a bakin ruwa, a riƙa dubawa safe da yamma ana aunawa da yatsa. In ruwa ya taɓa tsaga ta farko, a liƙe kwalekwale. In ya kai ta biyu, a kwashe dabbobi daga fadama. In ya kai ta uku, mutane su naɗe tabarminsu su hau tudu. Daga tsaga zuwa tsaga kwana uku ne ko huɗu, wani sa'in mako guda. Ba a taɓa yin gudu ba. A hankali ake ɗaure kaya, ana hira.

Uban Kimba ne mai turken Tungar Manu, shi kuma ya gada. Tsohon yakan ce, "Ruwa ɗan mutunci ne, ba ya shiga gidan kowa sai ya yi sallama." Kimba ya tashi da wannan magana a kunnensa, ya gwada ta shekara da shekaru, ba ta taɓa ba shi kunya ba. Yakan dubi launin kumfa da irin ciyawar da kogi ya kwaso, ya ce, "Jibi da hantsi zai taɓa ta biyu." Jibi da hantsi kuwa sai ya taɓa.

Ya auri Gaji, 'yar Ɗanaudu na Sharabi, gajeriyar mace mai saurin hannu, wadda ba ta iya tafiya a hankali ba ko da babu inda za ta. Suka haifi Zara. Da yake 'yar fari ce, Gaji ba ta kama sunanta, sai dai ta ce "wagga". Yarinyar tana shekara biyu abubuwa suka fara lalacewa. Shekarar farko tsuntsaye jan-baki suka sauko kamar hadari, suka cinye shinkafa tun ba ta nuna ba. Ta biyu ruwa ya ƙi hawa, ko tsaga ta farko bai kai ba, fadama ta bushe ta tsattsage. Kimba ya faɗa tun da wuri haka za a yi, amma sanin yunwa na tafe bai taɓa cika wa kowa rumbu ba. Wannan ita ce shekarar da ake ta cewa baɗi Turawa za su tafi.

Maza suka fara ɗaure ƙunshi za su cin rani. Al'ada, namiji shi kaɗai yake tafiya, ya bar wa iyali hatsi. To, Kimba me zai bari? Uwarsa ta rasu, rumbu babu ko ƙwaya, gidan surukinsa ma da ƙyar ake ɗora tukunya sau ɗaya a rana. Yana da taubashi, ɗan kawunsa, Lauwali, wanda ya shekara tara a Ankara, babban birnin Gana, wanda yaran yanzu ke kira Akra. Lauwali ya sha aiko masa da cewa a can ko kurma ya je zai ci abinci, muddin yana da wuyan ɗaukar kaya. Kimba ya yanke shawara zai tafi da matarsa da 'yarsa.

Ya je Sharabi, ya tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa gaban Ɗanaudu. Tsohon ya saurare shi har ya gama.

"Kurmi ba wurin mace ba ne," in ji Ɗanaudu.

"Rani ɗaya ne, Baba. Kafin ruwan shuka mun dawo."

"Ni ban san Kurmi ba, iyakata Illo. Abin da na sani, ɗiyata da ƙafafunta ta bar gidanga. Da ƙafafunta nika son ta dawo."

"Na ɗauki amana, Baba."

"Allah ya ji ka," in ji tsohon, ya mayar da kansa ga igiyar da yake tufka.

Suka ƙetare Kwara a kwalekwale, suka bi ta Illo da Lolo suka shiga Dahome. A zamanin iyaka ba ta wuce wani dutse da aka shafa wa farar ƙasa ba, kuma mutanen wancan gefen dangi ne, harshe ɗaya, tuwo ɗaya. A wani gida kusa da dutsen wata gwaggon Kimba ta ba su ruwa, ta dubi Gaji tana kai da komowa ta ce, "Kai, wagga ko ƙuda bai sauka kanta!" Daga nan suka hau motar albasa, a bisa buhuna, kwana goma sha ɗaya, mota ta lalace su sauka, ta tashi su hau. Har suka isa, gashin Zara albasa yake wari.

Lauwali ya tarbe su a tasha da ihu. "Ga bawana ya zo! Sarkin ruwan Tungar Manu! Gobe in kai ka bakin teku ka gaida ubangidan Kwara." Tsakanin taubasai babu maganar da ba ta wasa, kuma Lauwali bai taɓa buɗe baki ya faɗi abu a miƙe ba. Kimba ya rama, ya ce shekara tara a birni amma har yanzu ƙafarsa faso ne.

Dariyar ba ta kai su ƙofar gida ba. Unguwar baƙi ce a bayan gari, suna ce mata zango, an jera ɗakunan kwano da na katako baki da baki, lungun da ke tsakani mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkace. Ruwan wanka da na wanke-wanke da fitsarin yara duk ta tsakiyar lungu suke bi, baƙi ƙirin, kaji na tsattsaga a ciki. Famfo ɗaya ne ga unguwa duka. Bayan gida ɗaya ne, na bokiti, ana layi tun asuba, wanda cikinsa ya ɓaci sai dai ya nemi takarda ya ƙunshe ya jefa bayan gari. Ɗakin Lauwali maza tara ne a ciki, kowa da faɗin tabarmarsa, in ka juya ka taka wani. Babu wurin mace.

Wata tsohuwa mai ƙosai, 'Yar Baba, haifaffiyar zangon, ita ta karɓi Gaji da Zara. Ta ba su gefen rumfar da take suya, tsakanin buhun wake da tulu, Gaji kuma tana yi mata surfe da niƙa. Kimba ya shiga dako a babbar kasuwa, siminti, gishiri, kwano, duk abin da aka ɗora masa. Abinci an samu, wannan gaskiya ne, Lauwali bai yi ƙarya ba. Amma miji da mata sai a bakin famfo suke haɗuwa su gaisa kamar maƙwabta. Gaji, wadda a gida take wanka a bayan zana babu mai ganin ko inuwarta, a nan sai ta ɗaura zane ta tsuguna a lungu maza na wucewa. Zara ta fito da ƙuraje a ƙafafu, suka ƙi warkewa.

Wata na uku ciki ya bayyana. Ashe da shi ta baro gida. Ranar da Kimba ya lura, ya tsaya ya dubi inda take kwana, da hayaƙi, da baƙin ruwan da ke bi ta gefen kanta, ya ce a ransa matarsa ba za ta haihu a nan ba. Ɗakin haya ya fi ƙarfinsa, ko da yana da ƙarfin ma babu. Sai ya shiga yawon neman fili.

A ƙarshen zango akwai wata ƙorama mai zurfi, gaɓarta ta fi tsawon mutum biyu, mutane sun mayar da ita bola. A cikinta ɗan ruwa ne siriri yake bi, yaro ma zai tsallake. Amma can ƙasa, inda ta yi gwiwa, akwai fili shimfiɗaɗɗe mai farin yashi, da wata bishiya guda, babu ɗakin kowa. Kimba ya sauka, ya damƙi ƙasar ya murza. Irin ta fadama ce. Tun da ya baro gida bai ji sanyi a ransa ba sai ranar. A unguwar da ake faɗa a kan taƙi ɗaya na ƙasa, ga fili ya isa gida da gona an bari. Ya ɗauka mutanen birni ne ba su san darajar bakin ruwa ba.

Ya tattaro katakon akwatuna daga kasuwa, ya fasa garewani ya miƙar da su ya yi rufi, ya kewaye da buhuna ya yi wa Gaji makewayi. Yana cikin aiki Lauwali ya leƙo daga bisa gaɓa.

"Bawana, kabari kake gina ko ɗaki? In kabari ne ka faɗaɗa, ku uku ne!"

"Hassada ce ke cinka. Shekara tara kana kwana da ƙafar ƙato a baki."

"Wallahi ruwan wurin nan ba irin naku ba ne. Ya ci mutum, ya sha romo."

"Kai da ko rijiya tsoro kake ji? Tafi ka tura kurarka."

Lauwali ya yi dariya, Kimba ya yi dariya. Abin da ke cikin maganar gaskiya ne tsantsa, amma a bakin taubashi ta fito, kuma a cikin dariya.

'Yar Baba ba ta yi dariya ba. Ta sauko da kanta, tana dafe da gwiwa, ta nuna masa reshen bishiyar, can sama da kansa, inda tsummoki da busasshiyar ciyawa suka sarƙe.

"Kai ɗan nan, wa ya rataye waɗancan?"

"Ruwa ne, Iya. Na gani tun ranar farko."

"Ka gani, kuma kake kafa ƙusa?"

"Iya, a kan ruwa anka haife ni. Kafin ya kai can sai ya yi wata yana hawa. Zan kafa turke. In ya taɓa tsaga ta uku mu kwashe mu hau wurinki, ko cokali ba mu bari."

"Ni ban san turke ba," in ji tsohuwar. "Na dai san a nan aka haife ni, kuma ban taɓa ganin ɗan gari ya kwana a ramin nan ba. Baƙo ko da ido makaho ne." Ta hau abinta.

Ba a ce bai karanta alamar ba. Ya karanta ta daidai, ya san inda ruwa yake kaiwa. Abin da bai sani ba shi ne cikin awa nawa yake kaiwa. Ya saro icce, ya yi masa tsaga uku kamar yadda ubansa yake yi, ya kafa a bakin siririn ruwan, ya kira Gaji ya nuna mata. "In ba ni nan, ki duba. Muddin bai kai wagga ta sama ba, kada ki wahal da kanki da hawan gaɓa, ga ki da nauyi."

Wata uku suka yi a ɗakin, kuma su ne watannin da suka fi daɗi a rayuwar Kimba, shi da kansa ya faɗa daga baya. Gaji ta share yashi ta jera tukwanenta. Ya shuka kuɓewa da alayyafo a gefe, suka fito kore shar. Ƙurajen Zara suka bushe. Da yamma in ya dawo sukan zauna a ƙofa, warin bola na saukowa in iska ta juyo, amma ƙofar tasu ce.

Lokacin komawa gida ya zo, 'yan cin rani suka fara hawa mota. Gaji wata bakwai, ƙafafunta sun kumbura. 'Yar Baba ta ce kwana goma sha ɗaya a bisa buhu, ko dai a sauke gawa ɗaya ko biyu. Kimba ya ba masu tafiya saƙo su kai Sharabi: a gaida Baba, alkawari yana nan, sai dai bayan suna.

Ruwan farko ya sauka. Ƙorama ta hau yatsa biyu a jikin turke, kafin magariba ta koma. Na biyu ya kai yatsa huɗu, ya koma. Kimba ya ce wa Lauwali, "Ina ruwan naka mai shan romo?" Lauwali ya ce, "Yana wasa wuƙa."

Ranar wata Talata ce. Da safe ya duba turke, ruwa ko tsaga ta farko bai kusanta ba. Gaji ta miƙo masa ɗumame, ta ce in ya samu ya taho mata da tsamiya, bakinta ba daɗi. Ya tafi kasuwa. Wajen azahar hadari ya haɗo daga arewa, ta wajen duwatsu, ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kimba ya fake a barandar wani kanti tare da sauran 'yan dako, tsamiya a aljihunsa, hankalinsa kwance. Har lissafi yake yi: irin wannan ruwa, gobe war haka zai taɓa ta farko, jibi su fara ɗaure kaya. Yana tsaye yana kallon yadda ruwa ke zubowa daga kwanon kanti, ya faɗa kan kwalta, ya wuce da gudu. Ya daɗe yana kallo kafin abin ya shiga kansa. A gida in ruwa ya sauka, ƙasa take fara sha, ciyawa ta riƙe, fadama ta shimfiɗa shi, sai abin da ya rage ya gangara kogi a hankali. A nan babu mai sha. Kwano ne da kwalta da siminti, gari guda, kowane rufi yana zubarwa, kuma duk wuri ɗaya suka nufa.

Bai gama wannan tunani ba ya hango Lauwali a guje cikin ruwa, babu hula, babu takalmi. Bai ce bawana ba. Ya ce, "Kimba, taho."

Da suka isa babu ƙorama, babu gaɓa, babu gwiwar da ya yi ɗaki. Jan ruwa ne cike baki da baki yana ruri, yana tafe da ƙofofi da bokitan bayan gida da tunkiya ƙafafu sama. Bishiyar kanta kaɗai ake gani. Mutane sun yi cirko-cirko a bakin. 'Yar Baba na zaune a cikin taɓo, Zara a cinyarta, yarinyar ta yi kuka har murya ta ƙare.

Tsohuwar ba ta sassauta masa ba, shi ma bai nemi a sassauta ba. Ta ce da ruwa ya yi ƙarfi ta zo bakin gaɓa ta ƙwala wa Gaji kira ta fito. Gaji ta leƙo, ta rufe kai da faifai, ta je ta duba turke, ta ɗago ta ce, "Iya, ko ta biyu bai kai ba. Maigida ya ce sai ta uku." Ta koma ciki. Ba a yi tsawon abin da za a soya kasko ɗaya na ƙosai ba sai aka ji ƙugi daga sama, ruwa ya taho a tsaye kamar bango. Gaji ta fito da yarinya a hannu, ta kai gindin gaɓa ruwa na ƙugunta, ta cilla ta sama, wani mai gyaran keke ya cafe. Aka miƙa mata gora. Ta kama, ta sa ƙafa, yumɓu ya zame. Ta sake sa wa, ya sake zamewa. Macen da ba ta taɓa yin abu a hankali ba, ranar nauyi ya hana ta. Sai wani katako ya zo ya buge gorar.

Kafin la'asar ruwan ya janye, ya koma siriri kamar bai yi komai ba. Ɗaki babu, kuɓewa babu. Turken yana nan a tsaye, domin Kimba ya iya kafa turke.

Kwana uku suna bin ƙoramar, shi da Lauwali da mutanen zango, suna tona tarin shara da sanduna, har inda ta shiga wani tabki mai wari, har inda tabkin ya buɗe baki ya shiga teku. A nan Kimba ya tsaya. Lauwali ya yi masa alkawarin kai shi ya ga teku, ga shi ya kai shi. Ba su same ta ba. Limamin zango ya yi mata sallar da ake yi wa wanda babu gawarsa, aka watse.

Lauwali ya ce a ba direbobi saƙo su kai gida. Kimba ya ce da bakinsa ya ɗauki amana, da bakinsa zai mayar da jawabi. Ya ƙara wata uku yana dako kafin ya iya kama hanya, Zara tana wurin 'Yar Baba. Ranar tafiya tsohuwar ta ƙunsa wa yarinyar ƙosai, ta ce masa, "Ban ce ka kashe ta ba. Ban kuma ce ba ka da hannu ba. Allah ya kai ku."

A hanya suka tarar Dahome ta sami 'yanci, an sauya tuta. A bakin iyaka, kusa da farin dutsen nan, yanzu an kafa rumfa da wani mai kaki yana tambayar takarda. Gwaggonsa ta fito da ruwa, ta dubi bayansa, ta ce, "Ina mai saurin?" Ya karɓi ruwan ya ba Zara, ita kuma ba ta sake tambaya ba. Da suka ƙetare Kwara suka shigo Bagudo, sai suka tarar da kiɗa, 'yan makaranta sun yi layi, an ce Turawa sun miƙa mulki. Wani malami ya ba Zara 'yar tutar takarda, kore da fari. Da ita a hannu ta shiga zauren kakanta a Sharabi.

Kimba ya tuɓe takalmi ya durƙusa a inda ya durƙusa bara. Labari ya riga shi, irin wannan ba ya jiran mota. Ɗanaudu ya rame, igiya na gefensa ba a taɓa ba.

"Na ji," in ji tsohon. "Mutuwa ba ta neman iznin kowa. Abu guda nika tambaya. Wa ya yi mata wanka, ina kunka sa ta?"

"Baba, ba mu gan ta ba. Teku ta tafi."

A nan Kimba yana iya cewa ƙaddara ce ya tsaya, babu wanda zai ƙaryata shi, Ankara da nisa. Bai tsaya ba. Ya faɗi filin, ya faɗi tsummokin da ke bisa reshe, ya faɗi gargaɗin Lauwali da na tsohuwa. Ya ce, "An kira ta ta fito, da sauran lokaci. Ta je ta duba turkena. Ni na ce mata sai ta uku."

Ɗanaudu ya dube shi. Bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kai da ka san ruwa." Sannan ya miƙa hannu ya jawo Zara, da tutarta, ya zaunar da ita a gefensa. "Wagga nan za ta zauna."

Kimba ya ce, "To, Baba." Ya ɗauki takalminsa a hannu, bai sa ba sai da ya fita gari.

Ya koma Tungar Manu. Bai sake aure ba, ko da yake an yi masa tayi sau biyu. Shekarar farko aka kawo masa icce ya yi tsaga, ya ƙi taɓawa. Wani ya kafa, ya kafa ba daidai ba, baƙin ruwa ya ci awaki goma sha wani abu. Mai gari ya zo da kansa ya ce masa baƙin cikinsa nasa ne, amma awakin na mutane ne. Ya karɓi iccen. Shekara talatin da wani abu yana kafa musu turke, bai taɓa kuskure ko na wuni ɗaya ba, domin Kwara ba ta canza hali ba, har yau tana sallama. Sai dai ba a sake jin maganar ubansa a bakinsa ba. Samari masu tafiya Ikko ko Kwatano in sun zo sallama, abu ɗaya yake ce musu: in sun ga fili babu kowa a cikin birni, su tambayi tsohuwar unguwa dalili, kuma su ji abin da ta ce. Sukan ce to, su fita suna murmushi.

Zara ta girma a Sharabi, aka aurar da ita a Matsinkai. Takan zo masa da fura duk bayan Sallah, su zauna, ba su cika magana ba. Ba ta tuna fuskar uwarta, ta ce abin da take tunawa kawai an jefa ta sama.

Abin da yaran tunga suka fi saninsa da shi kuwa shi ne wannan: duk shekara, ran da ruwa ya taɓa tsaga ta farko, zai gaya wa mutane suna da sauran kwana takwas ko tara, su yi harkarsu. Sannan shi ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki buta, ya hau tudu shi kaɗai a ranar, ya zauna a can yana jiransu. Suna yi masa waƙa, wai mai turke ya fi akuya tsoro. Bai taɓa juyowa ba.

A kan tudun ya rasu, wata shekara da ruwa ke tsakanin ta farko da ta biyu. Aka yi masa wanka, aka yi masa salla, aka rufe shi a nan, wurin da ruwa bai taɓa kaiwa ba. Shi an san inda aka sa shi.